Zaki a Kirari, Zaki a Dawa

A aji muna nazarin kirarin zaki, manyan dawa, amma ni a keji kaɗai na taɓa ganinsa. Wani bincike na 2014 ya nuna wurare biyu suka rage masa a Nijeriya: gandun dajin Kainji, wanda hukumar da ke kula da shi take Abuja, da Yankari, wadda ta koma hannun Jihar Bauci a 2006.

'Yan'uwa ɗalibai, babban aikin gandu shi ne tsare abincin zaki. In mafarauta suka ƙarar da ɓauna da gwanki, sai ya faɗa wa shanu, mai shanu kuwa ya sa masa guba. Shi ya sa Ruwanda sai da ta katange gandun Akagera kafin ta mayar da zakuna bakwai a 2015.