Darasi: Na'urar PMU Da Amfanin Agogo Ɗaya A Layin Wuta

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen lantarki, akwai na'urar da nake ganin bai kamata mu karɓi difloma ba mu san ta ba. Sunanta PMU, aikinta auna wuta a wurare daban-daban a lokaci guda cak.

Mu fara da lissafi. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a sakan ɗaya, zagaye ɗaya mai digiri 360 yana cin milisakan 20 ke nan. To idan agogon na'urori biyu suka saɓa da milisakan 1 kacal, kusurwar da ka lissafa tsakaninsu ta kauce da digiri 18. Ita kuwa wannan kusurwa ce ke nuna inda wuta ta dosa da nauyin da layi ke ɗauke da shi. Ka ga idan agogo bai daidaita ba, awon banza aka yi.

Maganin shi ne kowace PMU ta karɓi lokaci daga tauraron GPS, ta buga shi a jikin kowane awo. Tsarin SCADA yakan aiko da rahoto duk bayan sakan 2 zuwa 4, ita kuwa PMU sau 25 ko 50 a sakan guda.

Arun Phadke da James Thorp ne suka assasa wannan fasaha, aka haɗa ta farko a jami'ar Virginia Tech ta Amurka a 1988. Darajarta ta fito fili bayan 14 ga Agusta 2003, ranar da kimanin mutum miliyan 50 suka rasa wuta a Amurka da Kanada. Masu bincike sun sha wuya wajen jera abin da ya faru, don agogon na'urorin bai zo ɗaya ba.

Layukan rarraba wuta na 33kV da 11kV gajeru ne, sau da yawa bambancin kusurwarsu bai kai digiri 1 ba. Shi ya sa aka ƙera ƙaramar PMU mai gane har digiri 0.01. Da ita ana iya gano yankin da layi ya samu matsala, maimakon ma'aikata su yi ta bin turaku ɗaya bayan ɗaya unguwa na cikin duhu. Tana kuma nuna lokacin da wutar sola ke komowa cikin layi.

Shawarata ga mai neman batun furojet: ya gwada lissafin nan da milisakan 0.5, ya ga digiri nawa zai samu. Daga nan ake farawa.