DARASI: Yadda Neman Mulki Ke Aron Rigar Addini, Daga Tsibiri Zuwa Gazawa

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasin wannan fitowa ya taso ne daga tambayar da wani ɗalibi ya yi mana bayan karatun Magariba. Ya ce a makaranta an koya masa cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mujaddadi ne wanda ya yaƙi kafirai, a gida kuwa kakarsa ta gaya masa su Gobirawan Tsibiri ne, kakanninsu ne suka yi yaƙi da mutanen Shehu. To, shi ke nan jikan kafirai ne? Jama'a suka yi dariya. Mu dai ba mu yi ba, domin wannan tambaya ta shafi kusan kowane gida daga Gidan Rumji zuwa Agiye har Gazawa, kuma amsarta ita ce mabuɗin fahimtar rarrabuwar da muke ciki a yau.

Mu fara da abin da babu jayayya a kansa. An haifi Shehu, Allah ya ji ƙansa, a Maratta cikin 1754, garin da yau yake cikin ƙasarmu Nijar. Ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Katsina ta faɗa hannun jama'arsa wajen 1807, Alkalawa kuma, birnin Gobir, a 1808. Sarakunan Katsina da aka kora suka yi ta gudun hijira har Allah ya sa Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rinjaye, sai Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan cikin ƙasar Gidan Rumji ta yau. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa, musamman zamanin Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, ƙasar Gazawa kuwa, da yake tana fuskantar Katsina, ta sha ƙurar dawakin ɓangarorin biyu.

Shin waɗannan da aka kora ba su san salla ba? Katsina garin Wali Ɗan Marina ne da Wali Ɗan Masani, hasumiyar Gobarau tana tsaye tun kafin a haifi kakan Shehu. Ba kuma za mu ɓoye gaskiya don son kakanni ba: abin da Shehu ya zarga akwai shi. An gauraya addini da bori a fada, an ɗora wa talaka harajin zalunci, har yau kuwa da sauran irin waɗannan al'adu a cikinmu, kuma wajibi ne mu ci gaba da wa'azi a kansu. Littattafan Shehu irin su Ihya'us Sunna da Nurul Albab su muka karanta a zaure, su muke karantarwa. Amma zunubi daban, kafirci daban, kuma tun a wancan zamani aka samu malamin da ya tsaya a kan wannan bambanci. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno ya rubuto wa Sakkwato yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla, suna azumi, suna ba da zakka, suna gina masallatai, ya kuma nuna cewa laifuffukan da aka lissafa ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi, ba wanda ya kafirta mutanensu. Bello ya amsa da cewa wanda ya jiɓinci kafirai a kan Musulmi ya bi hukuncinsu. Adalcin Bello ne ya sa ya ajiye wannan muhawara duka cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, da ba don haka ba da ba mu ji ta ba.

A lura da kyau da wannan amsa ta Bello. Ta nuna cewa a wurare da dama abin da ya raba mutane shi ne wa ka yi wa mubaya'a, wa ka tsaya a bayansa ranar yaƙi. Wannan kuwa magana ce ta mulki, ko da yake da harshen fiƙihu aka yi ta. Malam Abdussalami na Gimbana almajirin Shehu ne, saboda harin da aka kai wa jama'arsa ne wutar jihadi ta kama, amma da ya saɓa da Bello sai aka yaƙe shi, ya rasa ransa a 1818. Shehu Abdullahi, ƙanen Shehu, shi kansa ya bar rundunar ya nufi gabas saboda ganin son duniya ya shigo cikin jama'a, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami. Idan ƙanen Shehu ya ga haka da idonsa, ba rashin ladabi ba ne mu ma mu faɗa. Saboda haka amsarmu ga ɗalibin nan ita ce: kakanninka da na ɗan'uwanka na Sakkwato al'umma ce da ta shuɗe, hisabinsu yana ga Allah, kai kuwa ba a tambayarka abin da suka aikata.

Sa'an nan Nasara suka zo. Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kan iyaka daga 1890 har yarjejeniyoyin 1904 da 1906, domin Faransawa suna neman hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram. A wannan yanki namu layin da suka ja ya kusan bin sawun tsohuwar gabar: wanda ke ƙarƙashin Sakkwato ya zama na Ingila, wanda ya ƙi ta ya zama na Faransa. Da Maraɗi da Tsibiri sun faɗi a wancan yaƙi, da watakila katin ɗan Najeriya ne yau cikin aljihunmu. Har gobe akwai Sarkin Katsina a Maraɗi da Sarkin Katsina a Katsina, akwai Sarkin Gobir a Tsibiri da Sarkin Gobir a Sabon Birni. Muna son ƙasarmu, muna yi mata addu'a kowace Juma'a, kiyaye dokarta da amanarta yana kanmu. Sai dai ya kamata mu san cewa sunan ɗan Nijar da ɗan Najeriya alƙalamin mutane ne ya rubuta shi.

Bayan samun mulkin kai a 1960 hukuma ta riƙe addini a hannunta. Janar Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, a shekarar aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, ita kaɗai aka yarda ta yi magana da sunan Musulmi. Da babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofa, sai jam'iyyu da ƙungiyoyin addini suka fito a lokaci guda, kamar ciyawar ruwan farko. Jam'iyyu suka ɗauki sunaye masu daɗin ji: Nasara, Rahama, Tarayya, Zaman Lahiya. Aka yi gardama mai zafi a kan kalmar Faransanci laïcité, aka kuma tayar da ƙura a kan dokar iyali har aka jingine ta a 1994, kundin tsarin mulki na 1999 kuwa ya sa shugaban ƙasa rantsuwa da littafin addininsa. A daidai wannan lokaci ne da'awar Izala, wadda aka kafa a Jos cikin 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi ta hanyar fatake da ɗalibai, aka shiga muhawara da ƴan ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya a kan wazifa da maulidi da kama hannu ko sakinsa a cikin salla.

Saɓanin malamai a kan mas'ala ba sabon abu ba ne, kuma kowane ɓangare ya kawo alheri: waɗansu sun raya makarantun Islamiyya da karatun mata, waɗansu sun riƙe tarbiyya da zikiri da girmama malamai. Ɓarna ta shigo ne ranar da mai neman ƙuri'a ya gane cewa masallaci taro ne da ba a biyan kuɗin haɗa shi. Mun san wani ƙauye, ba za mu ambaci sunansa ba, wanda mutanensa ba su cika sahu shida ba amma yana da masallatan Juma'a biyu. Idan ka tambaya za a ce maka aƙida ce. Da muka zauna da dattawan garin sai muka tarar asalin abin takarar maigari ce tsakanin gidaje biyu, kowane gida ya bi jam'iyyarsa, kowace jam'iyya ta kawo kwano da siminti. Hujjojin aƙida daga baya aka nemo su. A garin nan an taɓa barin gawar dattijo a ƙofar gida har rana ta take, ana jiran wanda zai yarda ya sallace ta.

Wanda ya fi wannan muni shi ne abin da ya faru a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a ƙarshen Oktoba 1991, muna yara a lokacin. Wakilan ƙasa suna Yamai suna tsara yadda za a zauna tare, a nan kuwa rigimar manoma da makiyaya ta kai ga kashe Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Wanda ya kashe da wanda aka kashe alƙibla ɗaya suke fuskanta. Ranar nan sunan Bahaushe da Bafillace ya rinjayi sunan Musulmi. Ku tuna yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa Usamatu ɗan Zaidu saboda rai ɗaya na mutumin da ya furta kalmar shahada a fagen fama, da yadda ya kira kururuwar ƙabilanci tsakanin Muhajirai da Ansaru kiran jahiliyya. Muna tuno Toda ne saboda a yau, da ƴan bindiga suka addabi bakin iyaka, mun fara jin waɗansu suna ɗora laifin ɓarayi a kan ƙabila sukutum, alhali makiyayi shi ne na farko da ake kore wa garke.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabtanmu Kirista. A Nuwamba 2000, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA ta juye a Maraɗi zuwa ƙone-ƙone, har da wuraren ibadarsu, hukuma kuma ta rusa ƙungiyoyin Musulunci da dama. A Janairu 2015 zanen ɓatanci da aka yi a Faransa ya sa aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, aka yi asarar rayuka, alhali masu majami'un ba su san mai zanen ba. Na Yuni 2019 kuwa darasi ne gare mu limamai musamman. Ana shirin kafa dokar tsara harkokin ibada, wani limami a Maraɗi ya soke ta a huɗuba, aka kama shi, matasa suka fito suka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Da aka sake shi ya kira mabiyansa su daina, ya kuma bayyana cewa fassarar da aka yi masa daga Faransanci zuwa Hausa ce ta ɓatar da shi. Allah ya saka masa da wannan komawa ga gaskiya, amma abin da ya ƙone ya ƙone. Aya ta 6 cikin Suratul Hujurati ta umurce mu da binciken labari kafin mu cutar da mutane cikin rashin sani. Mu da muka yi madarasa muka ɗanɗani harsunan biyu, nauyin ya fi yawa a wuyanmu, domin doka da Faransanci ake rubuta ta, jama'a kuwa da Hausa take ji. Ko da yake kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, wannan bai sauke wa limami wajibcin ganin takarda da idonsa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka duk tarihinmu rarrabuwa ce. A 2019, da hare-hare suka tsananta a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane suka ƙetaro zuwa ƙauyukan Gidan Rumji. Kafin hukuma da ƙungiyoyin agaji su iso, talakawa ne suka buɗe rumbunansu suka raba ɗakunansu, ba wanda ya tambayi baƙo kati ko ɗariƙa. Da yawa daga cikinsu ma Gobirawan Sabon Birni ne suka dawo wurin dangi. Haka kuma a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da CEDEAO ta rufe iyaka, aka yanke wuta, ana maganar yaƙi, ayarin malaman Najeriya ƙarƙashin Shehu Bala Lau ya zo Yamai cikin Agusta ya gana da Janar Abdurahamane Tiani, a masallatan ɓangarorin biyu kuma aka yi ta alƙunutu kada jini ya zuba. Jikokin mutanen Bello da jikokin mutanen Ɗan Baskore ne suka ɗaga hannu a kan buƙata ɗaya.

Saboda haka muna kira ga limaman Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da kanmu muka fara. Kada a hau mumbari da labarin wata doka ko wata magana da aka tura ta waya sai an ga asalinta, an kuma sa mutum biyu amintattu sun fassara ta kowa daban. Idan mai neman mulki ya kawo gudummawa, kwamitin masallaci ya karɓa a gaban jama'a, a rubuta, kada a ambaci sunansa a huɗuba. Idan ya sa sharaɗi a mayar masa da kayansa. Kalmar kafirci kuwa hukunci ne mai sharuɗɗa da abubuwan da ke hana shi, aikin alƙali ne da manyan malamai, ba a barin ta a bakin yaro mai lasifika. Duk gawar da mai ita ya mutu yana salla, limamin da ya fi kusa ya sallace ta, ko daga wane masallaci take. Kafin girbi kuma, kafin a saki gonaki, a gayyato ardo da maigari su zauna a sahun gaba ranar Juma'a, a karanta musu ranar da hukuma ta tsayar da iyakokin burtali, kowa ya ji da kunnensa.

Allah shi ne mafi sani.