Mas'alar Maye Gurbin Ɗan Tsakiya a Ƙungiyar Ƙwallon Kwando

Sau uku ke nan a cikin 'yan watannin nan ana kawo mini tambaya guda a kan ɗan wasan tsakiya, wanda 'yan wasa ke kira santa ko lamba biyar, kuma na ƙarshen masu tambayar wani Alhaji ne mai riƙe da ƙungiya, wanda santansa ya sami kwantiragi a wata ƙasa ya tafi alhali saura makonni kaɗan a fara gasa. Ya ce mini, "Malam, ka samo mini dogo, ko nawa ne zan biya, muddin ya haura mita biyu da kyau." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, wane aiki wanda ya tafi yake yi maka a fili?" Sai ya yi shiru, kana ya ce ai dogo ne. Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin haƙiƙa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga dukiya mai yawa ta salwanta a dalilinta.

Ra'ayin da ya yaɗu tsakanin masu ƙungiyoyi da dillalan 'yan wasa, har ya zama kamar ijma'i, shi ne wai tsayi ba a koyar da shi, saboda haka a kama dogo tukuna, sauran abubuwa koci zai cusa masa daga baya. Rabin farko na maganar gaskiya ne, amma ƙiyasin da aka gina a kansa ɓatacce ne, kuma hujjata a kan haka ina ɗauko ta ne daga gasar NBA ta Amurka, inda ake da kuɗi da likitoci da masu bincike fiye da ko'ina a duniya, amma duk da haka wannan ruɗi ya sha kayar da su. A shekarar 1984, bayan Houston ta ɗauki Hakeem Olajuwon ɗan Legas a matsayi na farko, ƙungiyar Portland, saboda ƙishirwar dogo, ta ɗauki Sam Bowie a na biyu, mutumin da ya riga ya rasa kakar wasa biyu a jami'a saboda tsagewar ƙashin ƙwauri, ta bar Michael Jordan ya faɗa hannun Chicago a na uku. Shekara 23 bayan haka, a 2007, ita dai Portland ta sake ɗaukar dogo, wato Greg Oden, ta bar Kevin Durant, sai gwiwa ta hana shi buga ko wasa ɗaya a shekararsa ta farko, kuma duk zamansa a ƙungiyar wasa 82 kaɗai ya buga mata, wato adadin kaka guda tak. A 2009 kuma Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya, mai tsayin mita 2.21, a matsayi na biyu, alhali James Harden da Stephen Curry suna zaune suna jira a kira sunansu, kuma bai taɓa zama abin dogaro a gasar ba. Ba ina aibanta waɗannan bayin Allah ba ne, domin ciwo ƙaddara ce, kuma babu mai zaɓar wa kansa ita. Laifin yana kan masu zaɓe, waɗanda ma'aunin tsayi ya rufe musu ido daga duban sauran sharuɗɗa.

A ɗaya gefen kuwa, Ben Wallace, wanda babu ƙungiyar da ta kira sunansa a zaɓen 1996, kuma aka rubuta tsayinsa mita 2.06, ya karɓi kambun gwarzon mai tsaron gida har sau huɗu, kuma shi ne ya tsaya a tsakiyar Detroit a 2004 sa'ad da suka doke Lakers mai Shaquille O'Neal suka ɗauki kofi. Nikola Jokić ɗan Sabiya sai a matsayi na 41 aka ɗauke shi a 2014, saboda ana ganin ba shi da tsalle kuma ba shi da sauri, ga shi ya zama gwarzon gasar sau uku. To, ina hujjar masu cewa a kama dogo tukuna?

Abin da ya wajaba ga mai neman madadi shi ne ya fara da tantance aikin da ya ɓace, domin santa suna ɗaya ne da ya tattara ayyuka da yawa, kuma da wuya a sami mutum guda da ya cika su duka. Akwai mai tsare bakin kwando, wanda kasancewarsa a wurin kaɗai kan sa abokin hamayya ya fasa kutsawa, kuma wannan fasawa ba ta fitowa a takardar ƙididdiga. Akwai mai cafke ƙwallon da ta bugi ƙarfe ko allo ta dawo. Akwai mai tare wa ɗan'uwansa hanya da jiki sa'an nan ya juya ya nufi kwando. Akwai mai raba ƙwallo daga saman da'ira. Akwai kuma mai harshe, wanda da yake shi ne a baya yana hangen fili duka, shi ke kiran 'yan'uwansa huɗu yana sanar da su inda haɗari zai fito. Koci ya zauna da hotunan wasanni goma na ƙarshe, ya ƙirga da hannunsa wanne daga cikin waɗannan ne wanda ya tafi yake ɗauke wa ƙungiya, kuma wanne ne sauran 'yan wasa ba za su iya rufewa ba. Wannan na biyun shi ne abin da za a fita nema.

Misalin da na fi so a wannan babi na wani ne da ya tashi a Zariya, wato Masai Ujiri, lokacin da yake shugabancin Toronto Raptors ta Kanada. A watan Fabrairu na 2019 ya ba da Jonas Valančiūnas, matashi mai ƙarfi da iya zura ƙwallo, tare da wasu 'yan wasa biyu, ya karɓo Marc Gasol ɗan Sifen daga Memphis, mutumin da ya kai shekara 34 kuma gudunsa ya ragu. Makin da Gasol ke ci a kowane wasa ya sauko daga wajen 15 zuwa wajen 9 bayan zuwansa, wanda da a ce da maki ake auna shi da an ce an yi asara. Amma ƙungiyar tana da masu zura ƙwallo, Kawhi Leonard da Pascal Siakam da Kyle Lowry. Abin da ta rasa shi ne mai hankali a tsakiya, wanda zai tsaya a gaban Joel Embiid na Philadelphia har wasa bakwai bai gaza ba, ya raba ƙwallo, ya shirya tsaro da bakinsa. A watan Yuni na wannan shekara suka ɗauki kofin farko a tarihinsu. Sa'an nan, domin adalci ya cika, sai a faɗi abin da ya biyo baya: da Gasol da Serge Ibaka suka bar ƙungiyar a ƙarshen 2020, aka cike gurbinsu cikin gaggawa da Aron Baynes da Alex Len, dukansu dogaye ne masu ƙira, amma babu wanda ya dace da aikin, aka sallami Len tun a watan Janairu, kuma ƙungiyar ta ƙare kakar da nasara 27 da faɗuwa 45, ko da yake zaman da annobar korona ta tilasta musu a birnin Tampa shi ma ya yi nasa tasirin. Sai a 2023 suka biya farashi mai tsada suka dawo da Jakob Poeltl daga San Antonio, wanda su da kansu suka bayar a 2018. Shugaba ɗaya ne, kuma mai basira, amma ranar da ya sayi aiki ya ci riba, ranar da larura ta sa ya cike gurbi da wanda ya samu kuwa ya ɗanɗana kuɗarsa.

In an zo gwada wanda ake so, a auna gabarsa, wato tsawon hannuwansa a buɗe, da inda yatsunsa ke kaiwa yana tsaye, domin da hannu ake tare ƙwallo, kuma dogon wuya ba ya ƙara komai. A duba ƙafarsa wajen tafiya ta gefe sa'ad da ƙaramin ɗan wasa mai sauri ya jawo shi waje, a jefa masa ƙwallo mai ƙarfi a cikin cunkoso a ga ko tana zama a tafinsa, a sa shi ya yi jifan fanareti bayan ya gaji liƙis. A tuna kuma cewa dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda da ita ake wasa a Afirka har da gasar BAL da aka fara a Kigali a 2021, laifi biyar ke fitar da mutum daga wasa, saboda haka santan da ke tsalle a kan kowace yaudara zai ƙare rabin wasa a kan benci, kuma albashinsa cikakke za a biya.

Gargaɗin da zan nanata, ko da za a ce na cika maimaici, shi ne na likita. Jikin da ya haura mita biyu, mai nauyin kilo ɗari da wani abu, yana sauka a kan ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa sau ɗaruruwa a kowane mako, kuma galibin dogayen da wasansu ya mutu tun da ƙuruciya ta ƙafa da gwiwa da baya ya mutu. Yao Ming na Sin, mai mita 2.29, ciwon ƙafa ne ya sa ya yi ritaya a 2011 yana da shekara 30. A watan Fabrairu na 2025, bayan Lakers ta ba da Anthony Davis ta karɓo Luka Dončić ta wayi gari ba ta da santan dogaro, ta ƙulla cinikin Mark Williams daga Charlotte, amma da likitocinta suka duba shi ba su gamsu ba sai ta warware cinikin, ta haƙura da shi, duk da tsananin buƙatarta. In ƙungiya mai irin wannan dukiya ta ji tsoron ƙafar da ba ta aminta da ita ba, me zai sa wadda ke haɗa albashi da ƙyar, kuma take atisaye a kan siminti, ta sa hannu a takarda saboda hoton bidiyo na minti uku da dillali ya turo ta waya? Na ga an yi haka da idona, an biya kuɗin sa hannu, an yanki tikitin jirgi, yaro ya iso da gwiwa a kumbure, kuma babu sharaɗin gwaji ko ɗaya a cikin yarjejeniyar.

Asalin cutar dai sananne ne, ba ya buƙatar dogon sharhi: ƙungiyoyinmu ba sa renon na baya. Ana barin santa guda ya buga kusan minti arba'in a kowane wasa, matashin da ke bayansa yana zaune shekara biyu bai taɓa jin zafin wasa na gaske ba, ranar da babban ya tafi kuma sai a ce babu kowa a gida. Sau da yawa maslaha tana cikin raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku da ake da su, ɗaya don tsaro, ɗaya don cafke ƙwallo, tare da sauya tsarin wasa zuwa mai sauri, har a sami wanda ya dace a natse.

Saboda haka, ranka ya daɗe Alhaji, da kai da sauran masu riƙe da ƙungiyoyi, roƙona gare ku shi ne kada ku biya ko sisin kwabo sai likitan ƙashi da ku kuka zaɓa ya duba ƙafa da gwiwa da bayan yaron ya rubuta muku sakamako, kuma a sanya wannan sharaɗi a rubuce cikin kwantiragin. Ku ba shi kaka ɗaya tukuna, da damar sabuntawa in ya cika aikin da aka ɗauke shi dominsa, sa'an nan ku umarci kocinku ya riƙa ba matashin da ke benci minti goma a kowane wasa tun daga makon farko na gasar bana.