Darasin Danshi: Daga Akwatin Taba Zuwa Huhun Goro

A Turai da Amurka, mutum kan gaji wani akwatin katako mai suna humido, wanda ake adana naɗaɗɗen ganyen taba a cikinsa. Shan taba dai yana haddasa cutar daji, amma akwatin kansa yana ƙunshe da darasin kimiyya.

Ganye yana tsotsar danshi daga iska, yana kuma sakin sa. Idan iska ta bushe, sai ganyen ya farfashe. Idan danshi ya yi yawa, sai ya yi fumfuna. Saboda haka ake riƙe danshin akwatin a wajen kashi 70 cikin ɗari. Akwatin gado da ya daɗe a ajiye kuwa, katakonsa ya bushe, zai shanye danshin duk abin da aka zuba masa. Dole a fara ajiye masa ƙaramin kwanon tataccen ruwa na wasu kwanaki, har katakon ya ƙoshi.

Mai sayar da goro a Kazaure ko Babura ya san wannan ƙa'ida. Da hunturu danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20, shi ya sa yake lulluɓe goro da ɗanyen ganye a huhu, yana yayyafa masa ruwa. In ya yi sakaci, goro ya yanƙwane, jari ya karye.

Gwaji domin ɗalibai: a jiƙa gishiri kaɗan a murfin kwalba, a ƙulle shi cikin leda tare da ma'aunin danshi har kwana guda. Ma'auni mai kyau zai nuna kashi 75.