Darasi A Kan Ciwon Farfaɗiya: Sababinsa, Maganinsa Da Haƙƙin Mai Shi A Kan Jama'a

Dukkan godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da cuta da magani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, darasinmu na wannan karo ya shafi ciwon da kusan kowace unguwa tana da mai shi, amma ba a son ambatonsa sai da raɗa, wato farfaɗiya. Idan mai wannan ciwo ya faɗi a kasuwa ko a bakin masallaci, sai ka ga mutane sun dare, kowa yana gudun kada yawunsa ya taɓa shi. Da yawa daga ƙuna da karaya da ake gani a jikin waɗannan bayin Allah, wannan gudu ne ya jawo su, domin sun faɗi kusa da wuta ko bakin hanya, aka rasa mai janye su.

Mene Ne Farfaɗiya?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana aiki ne da ƴan ƙananan saƙonni masu kama da lantarki, waɗanda jijiyoyinta suke miƙa wa juna bisa tsari. Idan wani sashe nata ya saki waɗannan saƙonni da yawa a lokaci guda, sai tsarin ya rikice na ɗan lokaci. Wannan shi ne abin da muke gani a fili: mutum ya faɗi, ya sandare, gaɓoɓinsa su yi ta fizga, kumfa ta fito masa, wani lokaci har fitsari ya kuɓuce. Akwai kuma nau'in da ba a faɗuwa, yaro ne zai yi shiru ya ƙura ido na ƴan daƙiƙoƙi, malami ya zaci rashin kula ne ya doke shi. Likitoci suna kiran ciwon farfaɗiya ne idan abin ya maimaitu ba tare da wani dalili na nan take ba. Saboda haka jijjigar da zazzaɓi mai zafi yake sa ƙaramin yaro hukuncinta daban ne, ko da yake ita ma tana bukatar asibiti da gaggawa.

A shekarar 1924 wani likita Bajamushe, Hans Berger, ya fara ɗaukar hoton motsin lantarkin ƙwaƙwalwar mutum a kan takarda, kuma har yau da irin wannan awo ake taimakawa wajen gane ciwon. Tun kafin wannan, likitocin Musulmi kamar Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun yi bayaninsa a cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. Shi ma Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, ya kasa faɗuwa gida biyu, ya tabbatar da cewa akwai wadda asalinta daga jiki ne, wadda ita ce likitoci suke magana a kanta. Ke nan babu hujja ga wanda zai yanke wa duk mai faɗuwa hukuncin shafar aljani, alhali ba a auna shi ba.

Abubuwan Da Ke Jawo Shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne suke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu kuma a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin hali. Dalilin yawansa a irin ƙasashenmu a bayyane yake, domin duk abin da ya bar tabo a ƙwaƙwalwa yana iya haifar da shi: doguwar naƙuda da ta hana jinjiri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, buguwar kai a haɗarin mota ko na kabu-kabu, da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Nijar tana tsakiyar yankin da sanƙarau yake yawan ɓarkewa lokacin bazara. Manya suna tune da annobar 1995 a ƙasarmu, da wadda ta mamaye Afirka a 1996 da 1997, inda ta kama sama da mutum 250,000, ta kashe wajen 25,000. Allurar rigakafin sanƙarau nau'in A da aka fara a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010 ta rage wannan nau'i ƙwarai. Don haka awon ciki, haihuwa a hannun ungozoma mai horo, gidan sauro, rigakafi da hular kwano, duk kariya ne daga farfaɗiya. A wajen mutane da dama kuwa, ba a gano sababin ko bayan bincike.

Abu guda da ya wajaba kowa ya riƙe shi ne, ba a ɗaukar farfaɗiya. Yawu ba ya yaɗa ta, haka fitsari, haka tusa, haka cin abinci a ƙwarya ɗaya.

Abin Yi Idan Mutum Ya Faɗi

Na farko, a janye shi daga wuta, ruwa ko hanya, a sa masa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai. Na biyu, kada a danne shi, kuma kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin kuwa yana karya haƙori. Na uku, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, kada kuma a turara masa hayaƙi, saboda yana iya shaƙewa. Na huɗu, da zarar fizgar ta lafa a kwantar da shi a gefen haƙarƙarinsa don yawu ya zubo, a rufe masa jiki, a zauna da shi har ya dawo cikin hayyacinsa. Yawanci abin yakan wuce cikin minti 2 zuwa 3. Idan ya haura minti 5, ko ya maimaitu kafin ya farfaɗo, ko mace mai ciki ce, ko faɗuwar farko ce, to sai asibiti ba tare da jinkiri ba.

Magani Da Sharuɗɗansa

Tun 1912 ake amfani da maganin fenobarbital, wanda aka fi sani a nan da Gardénal, akwai kuma wasu kamar Tégrétol da Dépakine. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa har mutum 7 cikin 10 suna iya daina faɗuwa idan an gane ciwon aka ba su maganin da ya dace, sai dai kimanin kashi uku cikin huɗu na masu shi a ƙasashe matalauta ba sa samun maganin. Sharaɗinsa shi ne a sha kullum a kan lokaci, bisa awon likita, kuma a saye shi a kantin magani na gaskiya, a guji na talla da rana ta dafa. Yanke shi farat ɗaya yana iya tayar da faɗuwa mai tsanani da ke kai ga rasa rai. Likita ne kaɗai yake rage shi sannu a hankali, galibi bayan shekara 2 ko fiye babu faɗuwa. Mace mai niyyar ɗaukar ciki ta sanar da likita tun da wuri, domin Dépakine yana iya cutar da ɗan tayi.

Ibadar Mai Farfaɗiya

Gushewar hankali tana warware alwala, sai ya sake ta idan ya farfaɗo. A mazhabar Imamu Malik, sallar da lokacinta ya fita gaba ɗaya yana cikin suma babu ramuwarta a kansa. Game da azumi, rashin barci da tsallake magani suna daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon. Ya kamata ya ga likita kafin Ramalana don a duba ko za a iya mayar da shan maganin zuwa sahur da buɗa baki. Idan ba zai yiwu ba, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, sai ya tambayi malamai hukuncin da ya dace da halinsa.

Haƙƙinsa A Kan Jama'a

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas, Allah Ya yarda da shi, labarin wata mace baƙar fata da ta kai wa Manzon Allah kukan cewa tana faɗuwa kuma jikinta yana buɗewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da sakamakon Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa buɗewa, ya kuwa roƙa. Mu lura, tana zuwa har gaban Annabi, ba a kore ta ba, kuma abin da ya fi damunta shi ne mutuncinta. Labarin bai hana neman magani ba, tun da umurni da neman magani ya tabbata a wasu hadisai. Addu'a da ruƙiyya ta shari'a suna tafiya tare da ƙwayar asibiti.

Warkewar mai farfaɗiya ba ta cika sai ya koma cikin mutane. Yaro ya ci gaba da zuwa makarantar allo da ta boko, a sanar da malaminsa abin yi. Babba ya riƙe sana'arsa, a nisanta shi kawai daga jan ruwa a rijiya, hawan itace, wanka a tabki shi kaɗai, da tuƙi matuƙar ciwon bai kwanta ba. Mace ta yi girki akwai wani kusa da ita. Aure halal ne a gare su, kuma akasarinsu suna haihuwar ƴaƴa lafiyayyu, amma a faɗi gaskiya kafin ɗaurin aure, domin ɓoyewa ita ce take kashe auren daga baya. Ɗaure shi a ɗaki ko ware masa kwano yana jawo masa baƙin ciki da ƙuncin rai, waɗanda su ma ciwo ne mai bukatar magani.

Muna kira ga limamai da malamai mata su isar da wannan bayani a wuraren wa'azi, kwamitocin masallatai kuma su duba yiwuwar ɗaukar nauyin maganin wata-wata ga wanda ba shi da hali, daga sadaka ko zakka. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu zama masu tausaya musu. Allah Shi ne Mafi sani.