Kundin da gara ta ci babi na huɗu

Wata rana bayan azahar wani ɗalibi ɗan Babban Mutum ya same ni a laburaren kwalejin da nake aiki. An ba shi bincike kan cinikin hatsi da dabbobi tsakanin garinsu da ƙauyukan tsallaken iyaka, ta wajen Magarya. Malaminsa ya ce masa wani ya taɓa yin irin aikin shekarun baya, ya je ya nemo. Na ɗauki mabuɗin sito, muka tafi.

Duk ma'aikacin laburare ya san wannan ɗaki. Kundaye ne masu baƙin bango da masu shuɗi, an ɗaure su da igiya shekara-shekara, an jibge har kusa da silin. Sai da muka yi kusan awa biyu muna atishawa kafin muka same shi. Bangon lafiya lau, ko rubutun ruwan zinarin bai goge ba. Da muka buɗe, ashe gara ta shiga ta gindi ta cinye babi na huɗu, inda hirarrakin suke. Abin da ya tsira daga babin shi ne shafin ƙarshe mai sunayen dattawan da aka zanta da su. Yaron ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a kan ɗaya, ya ce, "Malam, wannan kakana ne. Duk sun rasu, saura mutum ɗaya."

Na san ana raina firojek ɗin ɗalibai, kuma ba a rasa dalili ba. Da yawa kwafe ne, wasu ma a shagon buga takardu ake sayo su kamar ƙosai. Amma a kowace shekara akan samu 'yan kaɗan da masu su suka taka ƙafa, suka zauna a zaure, suka yi tambaya, suka rubuta abin da suka ji. Ga gari irin Babban Mutum, sau da yawa waɗannan ne kaɗai rubutun da ake da shi. M. G. Smith ya fitar da littafinsa kan Daura a 1978, ya bi sarautun Daura da Zango da Ɓaure dalla-dalla. To wa zai rubuta nawa tiyar gero ta kai bayan an rufe iyaka a watan Agustan 2019, ko yadda masu kai kaya a babur suka ƙare da aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar? Farfesa ba zai zo daga Zariya don wannan ba. Ɗalibin da gidansu ke nan ne zai yi.

Maganin garar ba sabo ba ne, rumbun intanet ne na makaranta. Manhajar DSpace da jami'o'i da yawa ke amfani da ita kyauta ce tun 2002. Jami'ar Jos ta buɗe nata rumbun a 2009, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da nata mai suna Kubanni, wanda kowa zai iya shiga ta wayarsa. Sai dai galibin abin da ake zubawa a irin waɗannan rumbuna na digiri na biyu ne da na uku. Na digirin farko da na difloma da na NCE sito ne makomarsu. Yanzu gwamnatin tarayya ta shigo da tsarin NERD, wanda tun Oktoban 2025 ya sa ɗora kundi ya zama sharaɗin tafiya bautar ƙasa. Wannan ya taimaka, amma ɗalibin da ya ɗora don kawai a sake shi ba zai damu da ko wani zai iya gano aikin ba.

Malamai sukan ce min, "In ka sa a intanet ai ka buɗe wa ɓarayi ƙofa." Ni abin da na gani akasin haka ne. Kundin da ke kulle a sito shi ake sata hankali kwance, a canza bango da suna, don babu mai iya kamawa. Wanda ke fili da sunan mai shi da shekara, jimla ɗaya za ka liƙa a Google asiri ya tonu.

Inda aka fi yin ɓarna wajen cike bayanai ne. Ɗalibi ya rubuta taken aikinsa "a wasu zaɓaɓɓun ƙananan hukumomin Katsina", sunan garin bai fito ko'ina ba, ya ɓace ke nan ko da yana kan intanet. A sa sunan gari da ƙaramar hukuma da masarauta, kuma a sa duk yadda ake rubuta shi, don wani Baban Mutum zai buga da "b" ɗaya, wani Baure ba ƙugiya. A ɗora ainihin rubutun kwamfuta, ba hotunan shafuka da aka ɗauka da waya ba, saboda hoto ba ya bincikuwa. A ƙara tsakure da Hausa, ko sakin layi ɗaya ne, domin waɗanda aka yi wa tambayoyin su ma su san abin da aka ce sun faɗa.

Akwai kuma amana. A garin iyaka, mutum zai gaya maka ta wace hanya kaya ke shigowa don yana ganin ɗan unguwarsu ne a gabansa. Bai yi da kai za ka baza sunansa duniya ba. Kafin mu ɗora kowane kundi yanzu sai na karanta shafin hirarraki da kaina. Inda magana za ta iya jawo wa wani fitina, mu cire suna, ko mu rufe kundin sai mai neman izini.

Shafukan da gara ta bari mun ɗauke su, arba'in da 'yan kai, mun ajiye kwafi biyu a wurare daban. Yaron kuma ya ari rakoda a wurina ranar Alhamis, ya ce zai kwana gida don ya samu dattijon nan da ya rage da hantsi, kafin ya gaji.