Amsoshin Wasiƙunku: Ban Ruwan Ɗigo da Lambunan Kano

Jakarmu ta wannan makon cike take da maganar ruwa, ga dukkan alamu zafin rani ne ya taso da ita.

Wasiƙar farko daga Hotoro ta zo. Mai ita ya ce yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, yana kuma da ɗan fili da yake son mayarwa lambu. Ya ga bidiyon wasu siraran tiyo baƙaƙe shimfiɗe a gindin tumatir suna ɗigar da ruwa, aka ce masa 'yan Isra'ila ne suka ƙirƙiro su. Tambayarsa: gaskiya ne? Kuma zai yi aiki a ƙasarmu?

To, Malam, akwai gaskiya a ciki. Dabarar shayar da shuka kaɗan-kaɗan daɗaɗɗiya ce, mutanen da a ƙasar Sin ma sukan binne tukunyar ƙasa cike da ruwa a gindin shuka. Matsalar tiyo mai ƙananan huji ita ce toshewa. Wani injiniya mai suna Simcha Blass, haifaffen Foland, shi da ɗansa suka gano mafita: maimakon a ƙanƙance hujin, sai a sa ruwan ya bi wata doguwar hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe cikin ɗan bakin roba, ƙarfinsa ya mutu, ya fito ɗigo-ɗigo. A 1965 ya ƙulla yarjejeniya da manoman ƙauyen Hatzerim da ke hamadar Negev ta Isra'ila, aka kafa kamfanin Netafim. Ruwan yana sauka daidai kan saiwa, rana ba ta shanye shi a kwalbati, ciyawa ba ta samun rabo tsakanin kunyoyi, taki kuwa ana iya narkar da shi ya bi ruwan.

Batun ko zai yi a nan, ba sai mun je nesa ba. A 2001 Farfesa Dov Pasternak na Jami'ar Ben-Gurion ya koma cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ya shafe kimanin shekara goma a can. Ya san talakan Nijar ba shi da lantarki, don haka ya tsara lambu mai faɗin murabba'in mita 500 wanda tankinsa ke ɗage da kamar mita ɗaya kacal daga ƙasa, nauyin ruwan da kansa yake tura shi. Shi ne kuma ya yaɗa yi wa magarya aure da irin Indiya mai manyan 'ya'ya, ya kuma koya wa ƙungiyoyin mata farfaɗo da faƙo da zogale da kuɓewa da yakuwa. A Kalale ta arewacin Jamhuriyar Benin an haɗa irin wannan lambu da famfo mai aiki da hasken rana tun 2007, bincike kuma ya nuna kuɗin shigar matan da abincin gidajensu sun ƙaru.

Amma ka ji inda gizo yake saƙa. Da yawa daga cikin waɗanda aka raba wa kayan su kaɗai, ba horo ba mai dubawa, sun yi watsi da su. Waɗanda suka haɗu ƙungiya su ne suka ɗore. Saboda haka kafin ka sayi ko taku ɗaya na tiyo, ka tanadi matatar ruwa, ka koyi wanke ta, ka kuma san wa zai saye tumatirin. ICRISAT na da ofis a nan Kano, Jami'ar Bayero kuma na da cibiyar noman tsandauri. Je ka yi tambaya. Ni abin da ke ɗaure mini kai ma, Malam, ku da kuke narka roba dare da rana a Sharaɗa da Bompai kuna fitar da bokiti da silifa, me ya hana ku fitar mana da wannan tiyon?

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Dakata. Ta ce ta ji Isra'ila na noma da ruwan kwata, to me ya sa ake tsangwamar masu lambun bakin rafin Jakara?

Hajiya, ruwan kwata suna ya tara. Isra'ila na sake amfani da fiye da kashi 80 cikin 100 na dattin ruwanta, amma bayan an tace. A matatar Shafdan kusa da Tel Aviv, bayan inji ya gama aikinsa, sai a malala ruwan kan rairayi ya tsatsafa ƙasa, daga baya a zuƙo shi a tura gonakin Negev. Namu fa? Rafin Getsi ya kwaso na masana'antun Bompai ya juye a Jakara, Salanta ta ɗauki na Sharaɗa, kogin Challawa na shan na kamfanonin jima. Ruwan jima na ɗauke da sinadarin kuromiyom, wanda tafasawa ba ta kashe shi, da shi kuma ake shayar da latas da alayyafon da muke saye. Ban ga laifin mai lambu ba, abin da ya samu da shi yake neman abinci. Laifin na wanda ya saki ruwan ba tacewa ne, da hukumar da ta gani ta kau da kai. Irin wannan ruwa ko a tiyon ɗigo aka zuba shi, toshe shi zai yi.

Sai ta uku, daga wani matashi a Unguwa Uku, da ɗan zafinta. Ya ce yaya za a yi ta yabon kayan Isra'ila alhali ana ganin abin da ke faruwa a Gaza?

Ɗan'uwa, ban raina tambayarka ba, kuma ba yau aka fara ta a Arewa ba. Sardauna da kansa ya ƙi karɓar tallafin Isra'ila a zamaninsa. Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1973, ba ta maido ba sai 1992, Nijar kuwa ta yanke tata a 2002. Gaskiya ne kuma manomin Falasɗinu a Yammacin Kogin Jodan ba ya iya haƙa rijiya sai da izinin hukumomin Isra'ila. Amfanin tiyon ɗigo bai wanke wannan ba, wannan kuma bai hana tiyon shayar da albasar matar Sadore ba. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da zan iya ƙara maka shi ne, kashi 80 cikin 100 na Netafim ɗin ma wani kamfanin Meziko ya saye tun 2018, kuma Indiya da Sin da Turkiyya duk suna ƙera wannan kaya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da wancan ba, ga waɗannan.

Lokaci ya cim mana. Masu tambaya kan buhun adana wake, ku yi mana haƙuri sai mako mai zuwa. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a riƙa rubuta sunan unguwa. Mu kwana lafiya.